Sa Ɗaya Ba Ya Jan Garma

Duk wanda ya san Tudun Kanya, can ƙasar Sandamu, ya san Harisu Mai Shanu, ko da yake yau in ka leƙa gidansa ko kashin saniya ba za ka taka ba. Sunan ne ya rage masa, sai turaku biyu a tsakar gida da har yanzu ya ƙi tumɓukewa.

Maraya ya tashi. Abin da ubansa ya bar masa gona ɗaya ce mai jigawa, sai fartanya da bakinta ya cinye. Da damina ya yi ƙodago a gonakin mutane, da rani ya shiga Daura ya tura kurar ruwa, har kafaɗunsa suka yi kanta. Bai san shayi da burodi ba, bai san sabuwar riga ba in ba salla ta zo ba. Da haka da haka ya tara abin da ya kai shi kasuwar Mai'aduwa, ya jawo maruƙa biyu a igiya, mutane na yi masa dariya wai ya sayo ƙasusuwa. Shi ya hore su da hannunsa. Ɗaya fari ne mai sanyin hali, ya sa masa Fari. Ɗayan ja ne, ƙato, mai zuciya, wanda in ya sa wuya a garma ƙasa sai ta dare, shi ne Jangwarzo.

Shanun nan su suka yi masa komai. Da su yake huɗar gonarsa, ya yi wa wasu a biya shi, rani ya yi ya ɗaura musu amalanke ya ɗebi taki da bulo. Da guminsu ya auro Ummukulsum, da guminsu ya yi wa ɗakinta rufin kwano. Ita kuwa ta riƙe su tamkar 'ya'ya, ba ta zubar da ƙasari, ba ta sayar da dusa, kafin ta sa wa kanta loma sai ta leƙa ko sun ci.

To amma fa Harisu yana da ciwo guda, bakinsa. Ga shi da rediyo a kunne kullum. Da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, 'yan takara suka fito kowa da tasa, sai Harisu ya ɗauki ɗaya ya sa a rai. Bai taɓa ganinsa ba. Ba wanda ya ba shi ko ƙullin taliya ko sabulu. Ji kawai ya yi mutumin ya ce a rediyo shi ma da fartanya ya tashi, kuma in ya hau, taki sai ya isa hannun talaka. Shi ke nan, Harisu ya samu gwani. Wanda duk ya taɓa gwanin nan, ya taɓa shi.

Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne Mainasara mahauci, taubashinsa, wanda shi ma yake da nasa gwanin daban. Wata ranar Juma'a bayan la'asar, majalisa ta cika a gindin kanya inda Mainasara yake tukubarsa, sai ya fara tsokana.

"Bawana, gwanin nan naka ko akwatin ƙofar gidansu ba zai kawo ba."

"Bawa dai kai," in ji Harisu. "Ku da kuka bi mayaudari, ranar za ku rasa inda za ku sa fuska."

"Soyayyar fatar baki! Mu mun haɗa kuɗi mun buga wa namu fosta. Kai me ka taɓa yi wa naka? Sai yawu kawai."

Aka kwashe da dariya. Da ma a ce ya yi dariyar shi ma, ya kaɗe riga ya tafi gida! Ina, zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku shaida, jama'a. Na yi wa Allah bakance, in gwanina ya ci zaɓen nan, zan kayar da Jangwarzo sadaka, kowa a garin nan ya ci nama."

Nan take aka ɓarke da kabbara da sowa. Mainasara ya ɗauko wuƙa yana wasawa, ya ce shi zai feɗe kyauta, ko fata ba ya so. Har shi Mainasara kansa ya ɗauka wasa ake.

Labari ya riga Harisu isa gida. Ya tarar da Ummukulsum tsaye a bakin turke, hannunta a wuyan san.

"Malam, da gaske ne abin da na ji?"

"Magana ce ta maza."

"Maza ne za su ja maka garma? Sa ɗaya ba ya huɗa, kai ka fi ni sani. Don girman Allah ka je wurin Liman tun wuri bai ƙure ba."

Ya yi ta faɗa, amma washegari ya je. Liman Mahdi ya saurare shi har ƙarshe, ya girgiza kai. Ya ce da ma irin wannan bakance ba abin so ba ne, sai dai wanda ya ɗaure kansa da sadaka, ya ambaci dabbar da sunanta a gaban shaidu, in abin ya tabbata ba shi da mafita sai cikawa. "Magana zarar bunu ce, Harisu. Yanzu sai ka jira abin da Allah zai hukunta."

Daga ranar duniya ta juya masa baibai. Mutumin da a da in ya ji an yabi gwaninsa har rawa yake, yanzu in rediyo ta ce gwanin ya tara jama'a a wani gari sai ya kashe ta ya nufi turke. Ga shi kuwa iska ta fara kaɗawa wajensa, ko'ina maganarsa ake. 'Yan jam'iyya suka ji labarin bakancen, suka zo da babura har tsakar gida, suka rataya wa Jangwarzo tuta a ƙaho suna ɗaukar hoto da waya. Ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa ya dafa kafaɗar Harisu ya ce da ana samun irinsa goma a kowane gari da an huta. Harisu ya yi ta yaƙe. Suna fita ya cire tutar, ya tsaya yana sosa wa san goshi, ya rasa wa zai gaya wa cewa tsoron nasara yake ji.

Ranar zaɓe ya bi layi a firamaren garin, rana na dukansa, matasa na ɗaga masa hannu suna kiransa uban tafiya. Aka miƙa masa takarda, ya shiga bayan ɗan shingen da ake dangwalawa, ya shafa tawada a babban yatsa. Ga alamar jam'iyyar gwaninsa nan tana kallonsa. Ya tuna muryar mutumin a rediyo, ya tuna takin da aka ce. Sannan ya tuna yadda Jangwarzo ke huci in sun kai ƙarshen kunya, ya juyo da kansa ba sai an daka masa tsawa ba. Malamin zaɓe ya ce, "Baba, a hanzarta, akwai jama'a." Harisu ya sauke yatsa ƙasa, ya danna a kan alamar gwanin Mainasara, mutumin da ya shafe watanni yana kira mayaudari. Ya ninke takardar ƙanana, ya jefa a akwati, ya fito kunya kamar ta kashe shi. Aka tarbe shi da tafi.

Kaico, ƙuri'a ɗaya me za ta tare? Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, rediyo ta faɗi sakamako. Gwaninsa ya ci. Kafin ya kashe rediyon har ya jiyo ƙarar babura da kalangu sun nufo gidansa.

Ba shi ya riƙe igiyar ba, amma yana tsaye aka kayar da Jangwarzo a gindin kanya. Sai da ƙarti suka jigata kafin ya kai ƙasa. Mainasara, da ya yi ta wasa wuƙa da dariya, ranar bai yi dariya ba. Ya matso kusa ya ce a hankali, "Taubashi, wallahi ban zaci abin zai kai nan ba." Harisu ya ce masa ya yi aikinsa kawai. Gari ya ci nama, har waɗanda ba su zaɓi gwanin ba sun zo da kwanoninsu. Ciyaman ya sa aka ɗaure masa cinya guda a bayan mota, ya ba Harisu hula mai hoton shugaba da turmin atamfa na uwargida, ya ce gwamnati ba za ta manta da shi ba. Kason da aka kai gida Ummukulsum ta raba wa maƙwabta, ita ko romo ba ta kurɓa ba.

Damina ta sauka a kan lokacinta, don ita ba ruwanta da siyasa. Harisu ya aro san wani ya haɗa da Fari, suka ƙi tafiya tare, wannan ya ja gabas wannan ya ja yamma, kunya ta fito a karkace. Masu ba shi huɗa suka koma wurin wasu. Taki bai zo ba, wanda ke kasuwa kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ya je gidan Ciyaman a Sandamu sau da dama, kullum a ce ya tafi Katsina. Kafin kaka hatsin rumbu ya ƙare, ya ja Fari zuwa Mai'aduwa, ya dawo da igiya a hannu. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Ya koma fartanya da furfurarsa, ya koma ƙodago a gonakin da a da yake huɗawa. Abin da ya fi ci masa rai, har yau in gardamar siyasa ta tashi a gindin kanya, da shi ake misali. A ce ku dubi Harisu, wannan shi ne mai aƙida, ya ba da ƙuri'arsa ya ba da sansa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

A damina ta gaba, wata rana yana noman fari a gonarsa, Ummukulsum ta kawo masa fura. Ya zauna a gindin gawo, bayansa na ciwo, ya riƙe ludayi ya kasa kaiwa baki. Abin da ya daɗe yana haɗiyewa ya taso masa.

"Ummu, zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mutumin nan, ko zaɓensa ban yi ba. Da na shiga, kasawa na yi. Na Mainasara na dangwala wa, ko Allah zai sa ya faɗi a bar mana sanmu."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ja gefen mayafi ta share ido.

"Ni kuwa shi na zaɓa, Malam," ta ce. "Ina kuka na dangwala masa, don kada ka ji kunya a gari."