Rawanin Aro a Motar Gummi

Sana'ata niƙa dutsen zinari ce a Abare. In na taso daga wajen inji, ƙura har cikin gira, ko sallama na yi wa baƙo da ƙyar yake amsawa. To, ranar da aka haifa wa abokina ɗa a Gummi, na rantse ba zan je suna da tsummana ba. Yayana malamin allo ne. Na lallaɓa shi ya ara mini farar babbar rigarsa, ya naɗa mini rawani da hannunsa. Inna ta leƙo ta ce, "Lalle! Yau gari ya samu sabon liman."

Kai, jama'a! Ina shiga tashar Anka ɗan kamasho ya rusuna: "Allah shi gafarta Malam, gaba za ka zauna." Ni da kullum ake cusa ni baya tare da buhunan gero! Direba ya miƙo goro da hannu biyu. Wallahi daɗi ya kashe ni. Na gyara zama, ina gyaɗa kai a hankali kamar yadda yayana yake yi.

Kafin mu kai Bukkuyum wani mutum da matarsa suka shigo, tana rungume da ɗiya ƙarama. Ba mu yi nisa ba yarinyar ta sandare, idanu suka juye. Uban ya dafa kafaɗata: "Malam, taimaka da tofi, iska ce ta taɓa ta."

Ban iya tofi ba, amma wannan ciwo na san shi, mun binne yara a kansa a garinmu. Na tambaye shi ko ana daka dutse a gidansu. Ya ce matan gida suna yi, a turmi. Na karanta Fatiha na shafa mata, sannan na ɗaga murya: "Gubar dalma ce, daga ƙurar dutsen nan. Ku koma asibiti Anka, yanzun nan!"

Ko musu babu! Direba da kansa ya sauka ya tare motar da ke komawa. Ni da na sha faɗa wa mutane wannan magana cikin kayan aiki suna cewa na cika tsoro. Uban ya tambayi garin Malam, na ce Abare.

Bayan wata biyu ina bakin inji, fari fat da ƙura, sai ga uban yarinyar riƙe da zakara. Ko hannu bai ba ni ba.

"Kai, ina gidan malamin nan mai farin rawani?"

Na buɗe baki in ce ni ne, sai na dubi ƙafafuna. Na ce masa Malam ya yi tafiya, in da saƙo ya ba ni.

Ya ƙare mini kallo, ya ƙara matse zakaransa, don bai ga fuskar wanda za a bar wa amana ba.

"Ka ce mishi ɗiyar ta tashi. Tana gudu har ba a kama ta."

Ya juya ya tafi. Na kashe inji, na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na wanke mini ƙura.