Ƴar Mussa da Tulin Gishirin Foga

Ban taɓa mantawa da ranar da na sa aka sauke tulin gishirin Alhaji Namata gaba ɗaya, da tsakiyar damina, saboda ƴar kyanwa tana lasar ƙafarta ba.

A Gaya ne, zamanin Nasara, kafin a gina gada, lokacin da jirgin fito ke ƙetarar da kamyo, manyan motocin kaya, zuwa Dahome. Ni Tankari, ni ne gardin mangazar Alhaji, wato mai gadin ɗakin ajiyar kayansa. Na dawo daga aikin tilas na hanya ban tarar da gona ba, ban tarar da kowa ba. Shi ya ɗauke ni. Abin da aka ɗora mini shi ne ƙofa, da rufi, da ɓera.

Ga wanda bai san sana'ar ba: gishirin Foga da rani ake dafa shi, a ɗaure cikin kaba, jakuna su kawo. Ɗan kasuwa ya saya ya ajiye, sai ruwa ya tsayar da masu dafawa ya fito da shi. Ajiyar ita ce aikin. A jera itacen giginya a ƙasa, a shimfiɗa zana, a ɗora gishiri har kusa da rufi. Tsakanin ƙasa da zana bai fi tafin hannu ba, mutum ba ya ganin ciki. In an ɗora kuma ba a taɓawa, don duk ɗagawa sai wani ya fashe. Ɓera ba ya cin gishiri, amma yana cin kaba, yana gina rami. Shi ya sa kowace mangaza take da kyanwa. Mu mussa muke ce mata.

Tamu ƙarama ce, ba ta daɗe da barin nono ba kamyo ya take uwarta. Lasa duk mussa tana yi. Ta ci ta lasa, ta tashi barci ta lasa, ta bi jiki daga fuska zuwa wutsiya, ta gama ta kama gabanta. Ƴan dako suka sa mata suna Malama, wai kullum cikin alwala take.

Da damina ta yi nisa sai lasar ta sake. Ƙafafun gaba da ciki kawai take bi, ba ta dainawa. Hamani, shugaban ƴan dako, ya ce, "Tankari, Malamarka waswasi ya kama ta. Tun hantsi take alwala, har yanzu ba ta tada salla ba."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ajiye mata kan kifi, ta sansana, ta koma lasa. Ruwa kuwa sha take kamar ta fito daga Hamada. Gashin ƙafa ya fara zubewa, fata ta yi ja.

Na ɗaga ta na duba. Ba ƙuma, ba ƙaya, ba miki. Sai danshi a ciki, ga shi ba ta fita waje. Na shafa da yatsa na kai harshe. Ruwan gishiri ne. Busasshen gishiri ƙura yake bari a gashi, ba ya jiƙa shi. Na zauna na sa mata ido. Ta shige ƙarƙashin tuli, ta nufi bangon baya, ta fito tana yarfe ƙafa. Na zura kara, ya fito a bushe, don bai kai can ba.

Bayan azahar na sami Alhaji a rumfarsa, hadari na haɗuwa a gabas.

"Ranka shi daɗe, ruwa na ƙarƙashin gishiri."

"Ka gani?"

"Ban gani ba."

"Rufi na zuba?"

"Ba ya zuba."

"To wa ya gaya maka?"

"Mussa."

Hamani ya kwashe da dariya. "Alhaji, a ba ta sanda, ita ce gardi yanzu."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya tashi ya zo ya dubi cikinta, ya dubi tuli, ga shi tsaye a bushe. Ya ce, "Ka san abin da saukewa ke fasawa. In aka sauke aka tarar da ƙasa busasshiya, ka naɗe tabarmarka."

"Na ji."

"Kana da inda za ka?"

"Ba ni da shi. A sauke."

Aka fara, ana kai wa ɗakin gaba. Na sama a bushe. Na tsakiya a bushe. Wasu suka fashe a hannu, Alhaji na tsaye yana kallon ɓarnar. Duk ɗaurin da Hamani ya wuce da shi sai ya miƙo mini.

"Lasa wannan ma, Tankari, ko ka ji kogi a ciki."

Na yi ta ɗauka.

Da muka kai jerin baya na ƙasa, Hamani ya sunkuya ya ja ɗauri da ƙarfin da ya saba, sai ya tafi da baya ya zauna daɓas. Kaba ce kawai a hannunsa, tana ɗiga. Gishirin ya narke.

Ɓera ya gina rami ta gindin bango, indararon maƙwabci kuma nan yake zuba. Duk ruwan da aka yi ta nan yake shiga. Itace biyu sun nutse a laka, tulin ya fara jingina da bango ta inda ba a gani. Alhaji ya ce, "Innalillahi," ya tuɓe babbar riga ya kama ɗauka da kansa. Ba wanda ya ƙara zolaya. Mun fitar da na ƙarshe iska na kaɗa zana, ruwa ya kece. Da gari ya waye bangon baya ya faɗi ciki, daidai inda tulin yake jiya. Ban da waɗanda suka fashe a hannu, jerin ƙasa kawai muka rasa.

Hamani ya zo ya tsaya ya kalli ƙasar bangon. Ya ce, "Tankari, ka yafe mini bakina." Na ce ya kawo wa mussa kifi. Ya kawo. Alhaji ya kwance mabuɗin mangaza daga ɗamararsa ya ba ni a gaban kowa. Ban taɓa jin an ba gardi mabuɗi a garin ba kafin ni.

Mussa kuwa na wanke mata ƙafa da ciki da ruwan rijiya, na shafa ɗan man kaɗanya, na hana ta ɗakin gishiri har ya bushe. Gashi ya dawo. Ta girma ta haihu a nan.

Ku masu gadi na yanzu, ku riƙe wannan. Mussar da ke lasar jiki duka, ta bari in abinci ya zo, ƙyale ta. Wadda ta kama wuri ɗaya, ta ƙi abinci, gashi na zuba, ɗaga ta ka duba, sannan ka duba inda take shiga. Kuma in ka tabbata, faɗa wa mai kaya, ko za a yi maka dariya.

Na riƙe mabuɗin nan har ido ya gaza. Yanzu ina Yelu, cikin gidan da na gina da hannuna, jikoki na ja mini sanda zuwa masallaci.