Katangar da Malam Jaji Ya Fasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Malam Jaji magini, a mota kan hanyar Dutse, kafin a isa asibiti. Katangar gidansa ce ta faɗo masa.

Malam, a makon nan nake tsammanin zan fi kowa farin ciki a garinmu. Bayan shekaru muna roƙo, Bilki matar ɗana ta sauka lafiya, na ga jikana na fari. Kai ka fara shigowa barka, kana cewa, "Ɗan makaranta, yau an samo maka abokin karatu." Haka kake tsokanata tun da na shiga ajin yamma da furfura a gemu. Ga shi karatun ya yi rana, amma a kan ta'aziyyarka.

Duk shekara kafin damina kana zagaya unguwa, inda ka ga katangar gwauruwa ta zaizaye ka yaɓe mata, ko ruwa ba ka tsayawa sha. Da ƙaramar hukuma ta zuba jar ƙasa ta ɗaga hanyar kasuwa har ta fi dokin ƙofarmu tsawo, kai ka ja ni muka je ofishinsu. Ka ce musu, "Ranku ya daɗe, ruwa ba ya hawa tudu. Ku sa mana kwalbati." Suka ce aikin ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila ya ce abin da aka ba shi ya yi. Muka dawo da ƙafafunmu.

Ran da aka yi ruwan nan bayan la'asar, duk abin da hanya ta tare gidana ya nufo. Rariya ta kasa. Ruwa ya kai gwiwa a ɗakin mai jego, ga ta tsaye kan gado da jariri a ƙirji. Sai muka ji sara daga bayan katangar da ta raba mu. Na ɗaga murya, "Malam, gidanka ruwan zai shiga!" Ka ce, "To ya shiga mana! Ni ina da jariri ne?" Ruwan ya bi ta tsakar gidanka, ya kwashe kajin Iya Luba maiɗakinka, ya wuce fadama. Washegari kana durƙushe kana duba gindin katangar da ta jiƙa, ta rufto.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma wanda ya toshe wa ruwa hanya, shi ma akwai ranar da za a tambaye shi. Jiya mutanen ƙaramar hukuma sun aiko da tabarmi da sannu. Ba wanda ya ambaci kwalbati, kuma yanzu haka hadari na haɗuwa a gabas.

Na je wa Iya Luba da maganar mu tayar da katangar. Ta ce, "Ku tayar, amma ku bar ƙofar ruwan inda ya fasa. Yaron nan yana nan."

Allah Ya jiƙan Malam Jaji, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna makoma. Allah Ya bai wa Iya Luba da 'ya'yansa haƙurin rashi. Gobe suna, Malam. Yaron sunanka zai ci.