Tabaraun Gado

A shekara ta biyu da aurenmu kawun maigidana ya rasu a Gaya. Tsohon magatakardan alƙali ne. Bayan an gama rabon gado, babban ɗansa ya tsinci tabarau a aljihun wata tsohuwar riga, gilashinsa da kauri kamar gindin kwalba, ya miƙa wa maigidana don kada ya koma Ajingi hannu wofi.

Idon maigidana lafiya ƙalau yake, daga ƙofar gida yana hango akuyarmu in ta shiga gonar mutane. Amma a lokacin an ɗauke shi aikin rubuta awo a sikelin gyaɗa, kuma ya lura manyan da ke zuwa daga Kano duk da tabarau suke zuwa. Ya sa shi ranar kasuwa, mutane suka fara ce masa Malam. Daga ranar ba ya cire shi sai zai yi alwala ko wanka, ko zai kwanta.

Ba a daɗe ba ya fara cewa zuciyarsa na tashi. Ba amai, ba zazzaɓi, ba gudawa. Yawu ne ke tarar masa a baki, kansa na juyawa, in na kawo tuwo ya dube shi kamar na kawo masa sammaci. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, ina cin abincina hankali kwance, har matan maƙwabta suka ce ni ke da cikin, shi ke laulayin.

Inna, mahaifiyarsa, ta zo ta buɗe tukunyar miyata ta sansana.

"Daddawarki ce," in ji ta. "Ba ta yi ba. A daina sa masa."

Aka daina. Aka daina man gyaɗa, aka daina yaji, har miyar ta koma ruwan kuka da gishiri. Bai ji sauƙi ba. Sai gari ya shigo cikin maganar. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho a ƙeya da gadon baya. Wata tsohuwa mai tallar nono ta ce ciwon shawara ne, ta kawo saiwoyi masu ɗaci. Malamin unguwa ya ce bakin mutane ne, don ba kowa ke son ganin ɗan talaka da alƙalami ba. Wannan bayanin ya fi kowanne yi wa maigida daɗi, ya sha rubutu har haƙoransa suka yi baƙi.

Daga baya ya hau keke ya tafi ɗakin shan magani na Gaya. Malamin asibitin ya yi masa tambayoyi masu ma'ana: ko yana cin goro kafin ya karya, ko ƙirjinsa na zafi, ko ya ga tsutsa a bayan gida, ko yana kwana kusa da maganin ƙwarin gyaɗa. Ya ba shi maganin tsutsa da wani farin ruwa a kwalba, ya ce ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ya tauna citta, ya yawaita shan ruwa. Shi ma da nasa tabaraun. Da za su rabu ya ce, "Malam, naka ya karɓe ka." Wannan maganar maigida ya fara ba ni labari da ya dawo.

Citta takan ɗan kwantar masa, sai abin ya dawo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata rana yana wanka, na ɗauki tabaraun zan goge, sai na ce bari in ga yadda malamai ke ganin duniya. Ina sa shi tsakar gida ta karkace, turmi ya zama biyu. Na taka zuwa randa, zuciyata ta taso har wuya. Da ya fito na ce, "Malam, anya ba wannan ne ke sa maka ciwon nan ba?"

Ya karɓe ya maƙala a hanci. "Ke, ba a yi shi don idon mata ba."

Na kai wa Inna maganar. Ta ce, "Rufa mana asiri, 'yar nan. Rago guda aka yanka a kan ciwon nan. Yanzu sai mu ce wa mutane gilashi ne?"

Keke ne ya raba gardamar. Yana dawowa daga kasuwa ya ga rami a gefen hanya, alhali ramin a gabansa yake. Ya faɗi, ya ƙuje gwiwa, gilashin ya tarwatse. Kwana biyu bai fita sikeli ba don kunyar a ga fuskarsa ba tabarau. A kwana biyun nan ya ci tuwo har da neman ƙari. A rana ta uku ya kai tabaraun wurin mai gyaran agogo a Gaya, shi kuwa ba shi da irin wannan gilashin, sai ya yanko na taga ya goge ya sa masa. Maigida ya dawo yana cewa aikin ya fi na Turawa kyau, komai ya fito sarai.

Ciwo ya tafi. Wanzami ya ce ƙahonsa ne, mai nono ta ce saiwarta ce, malamin unguwa ya ce dama rubutu a hankali yake aiki. Maigida bai ɓata wa kowa ba, duk wanda ya tambaya sai ya ce an haɗu ne an taimaka.

Daga nan sunansa ya fita a matsayin wanda ya san ciwon tashin zuciya. Har daga Balan wani manomi ya zo neman shawara, ina jin su daga bayan zaure. Maigida ya gyara zaman tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce masa ya fara da ƙaho, in bai ji sauƙi ba ya dawo.