Haƙoran Maraƙi a Motata

Abu guda nake cewa da ma ban yi ba: riƙe hannun Arzika makanike ranar da yake juya lambobin agogon motata.

Ku da kuka san shi a garejinsa na Dogon Dutsi, kun san ba ya gaida mutum sai ya gaida motarsa. Kana miƙa hannu, shi kuwa kansa na cikin taga yana karanta agogon kilomita. Sai ya karce lambar da ƙusa a cikin ƙofa, sannan ya tambaye ka iyali. Ko ranar sunan ɗiyata haka ya yi wa surukina.

Wata rana wayar agogon babur ɗinsa ta tsinke a hanyar Ɗan Kassari. Babur lafiya lau, tanki cike da mai, amma ya ƙi hawa. Ya ɗora shi a amalanken jaki har gari. Da muka dame shi da dariya, ya ce tafiyar da ba a ƙidaya ba gara ta hau kan jaki, jaki dai ba ya da agogo.

To, tablon motata ya ƙone, wato allon nan na gaban direba. Na samo na hannu, ashe lambarsa ba ta kai rabin tawa ba. Lokacin ina shirin sayar da motar ga Jabbo, wani makiyayi na Dumega mai son kai dabbobi kasuwa. Arzika ya ɗaura tablo, ya duba karcen ƙofa, ya fara tura lambobi gaba da ɗan tsinke. Na riƙe hannunsa, na ce ya bar su haka nan.

"Aboki, ita ta yi tafiyar, ba kai ba," in ji shi. "Don mi za ka ƙwace mata?"

Na ja motata cikin fushi, na bi gari ina cewa Arzika ya tsufa, ya rikice.

Ban san wurinsa Jabbo zai kai ta dubawa ba. An ce Arzika ko sunana bai ambata ba. Ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya tambayi Jabbo yadda yake gane shekarun saniya. Jabbo ya ce ta haƙora.

"To wagga tsohuwa ce, an sa mata haƙoran maraƙi."

Ciniki ya mutu. Damina biyu ban bi ta ƙofar garejin ba. Ranar da na koma, na shirya ban haƙurina tun daga gida, sai ya wuce ni ya sa kai a taga. Ya ce ya ga ta ƙara yawo, ya ɗauko tsinkensa ya haɗa mata tsohuwar tafiya da sabuwa. Ban haƙurin nan kuwa, bai ma nemi ya ji shi ba. Motar na wurina har yau da lambarta ta gaskiya, karcensa na ƙarshe na nan a ƙofa.

Allah ya jiƙan Arzika, ya sa an ƙidaya masa kowane takun alheri, ba a rage ko ɗaya ba. Ku kuma, don Allah kada ku yi irin nawa. In kun sauya tablo, ku mayar wa mota tafiyarta.