Wilin Kwalliya a Hanyar Farin Dutse

Shekarun baya, lokacin da furfura ta fara leƙo mini a gemu amma hankali bai biyo ta ba, Allah ya hore mini wata ƙaramar mota. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, na saye ta a shekarar da riɗi ya yi mana kyau. Ni ne na fara ajiye mota a zuriyarmu kaf. Ban yi boko mai nisa ba, daga firamare sai kasuwar hatsi a nan Birnin Kudu, don haka motar nan ta shiga raina fiye da kima. Kafin in karya kumallo sai na goge ta.

Mahaifiyata tana zaune a gidana a lokacin. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Da mota ta zo sai ta samu mafita, ta koma ce mini "mai mota". Rabi zolaya ce, rabi jin daɗi, ni kuwa in ta faɗa har kaina yake girma.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba a jikin motar, wato ƙafafunta. Wilin ƙarfe ne baƙi wanda ta zo da shi, tayoyin kuma masu kauri kamar na motar haya. Wata rana na shiga Kano sayen buhuna, sai na hango wasu wili na kwalliya a jingine a ƙofar wani shago, farare tas, suna ɗaukar ido. Sun fi nawa girma da faɗi, tayoyinsu sirara kamar an shafa musu roba. Na tambayi mai shagon ko za su hau motata. Ya leƙa ya ce, "Alhaji, naka rami biyar ne, wannan ma biyar. Me ya rage?"

Ni ma ban ga abin da ya rage ba. Ban duba lambar da ke jikin tayata ba, ban tambayi faɗi ba, ban tambayi nauyin da sabuwar za ta iya ɗauka ba. Da suka zo ɗaurawa, notina na asali suka ƙi zama, sai suka kawo wasu sirara dogaye suka ɗaure da inji. Tsofaffin wilin na sa aka jefa a motar da ta ɗauko mini buhuna, da suka iso gida na tura su ɗakin ajiya. Na dawo ni kaɗai a kan kwalta, mota tana tafiya lafiya lau, ina ta satar kallon inuwarta a gilasan shaguna.

Ina da wani aboki da muka tashi tare, ya daɗe yana tuƙin haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Da na faka a majalisarmu da yamma, ya taso yana ɗingishi ya zagaya motar.

Ya ce, "Iko sai Allah! Wa ya sa wa tsohuwa takalmin amarya? Saura mu ga yadda za ta je rafi da shi."

Aka yi dariya, har da ni. Sai ya tsuguna, ya tura hannu tsakanin tayar baya da madigadi. Yatsunsa da ƙyar suka shiga. Ya ɗago, dariyar ta bar fuskarsa.

"Ka gwada ta da mutane a baya?"

Na ce ban gwada ba.

"Sifanarka fa, ka ɗora ta a kan notin nan ka gani?"

Na ce, "Kai dai faɗi gaskiya, hassada ce. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a akwala, ina ya san kwalliya?"

Majalisa ta sake fashewa da dariya. Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "To, Allah ya sa hassadar ce."

A nan sai na koma baya kaɗan. Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a bayan Farin Dutse, ta ƙasar Gwaram. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da yayanta, kawuna. Mahaifiyarsu ta bar mata wata saniya, da aka kawo ta aure sai ta bar ta a garken kawu, saniyar ta yi ta haihuwa. Wata shekara da ta yi tsanani, kawu ya sayar da su duka bai gaya mata ba. Ba shanun ne suka fi yi mata ciwo ba, ta ce abin da ya rage mata na uwarta ke nan. Da ta je suka yi maganar, rai ya ɓaci, har ta ce masa ko gawarta kada ya zo. Tun daga ranar ba su sake haɗa ido ba. Mu 'ya'ya muna zumuncinmu, su kuwa sai dai gaisuwa ta bakin wani. Na sha ganinta ranar sallah ta zuba tuwo a kwano ta zauna tana kallonsa ba ta ci.

Ana tsakiyar damina, wata safiya ɗan kawuna ya kira ni. Ya ce jikin Baba ya yi tsanani, ya daina cin abinci, kuma tun jiya ba ya kiran kowa sai ƙanwarsa. Na shiga na gaya mata a tsorace, don ban san yadda za ta ɗauka ba. Sai ta miƙa hannu ta jawo mayafinta.

"Mai mota, tashi ka kai ni. Akwai maganar da na faɗa, ina so in janye ta yana ji."

Na ce wa ɗan kawun ya gaya masa ga mu nan, a motata zan kawo ta. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, ita ta ƙulla ɗan gero da man shanu. Ni kuma, don a san na zo, na sa aka ɗora buhun shinkafa da na masara a but. Ta ƙi zama a gaba, ta ce ba ta iya kallon hanya tana taho mata. Suka zauna a baya su uku, ita da matata da ƙanwata.

Tun kafin mu bar gari na fara jin wani gurnani daga baya duk lokacin da muka hau tudu ko muka faɗa rami. Can sai ƙauri ya biyo.

Mahaifiyata ta ce, "Me ke ƙonewa?"

Na ce, "Sabuwar taya ce, Inna, haka take yi."

Na san ƙarya nake yi. Maganar abokina ta faɗo mini, na kore ta. Da na tsaya a nan na sauke buhu biyun nan, wataƙila da labarin ya canja. Amma ina ganin mutuncina yana cikin buhunan.

Da muka wuce Gwaram muka sauka daga kwalta, muka kama hanyar burji wadda ruwa ya zaizaye. Dawa da gero sun rufe gefe da gefe. Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa wani kwari, sai ji muka yi fau! Ta karkata. Na fito na duba. Bakin madigadi ya yanka gefen tayar baya kamar an sa wuƙa, tun daga gida yake cinta a hankali.

Na ce kada su damu, akwai safaya. Na sauke buhuna, na fito da ita, lafiyarta ƙalau. Na kafa jak. Na ɗauko sifana na kai kan noti, sai ta tsaya a bakin ramin. Ramukan sabon wilin matsattsu ne, notin yana can ciki, kan sifanata kuwa kauri gare shi. Na juya ta, na buga da dutse, na sake juyawa. Ga taya a hannu, ga jak, ga sifana, amma noti ko ɗaya bai motsa ba. Babbar rigata ta jiƙe sharkaf da gumi.

Muna haka sai ga wani bawan Allah a kan babur. Ya tsaya ya yi mana sannu. Mahaifiyata ta leƙo ta taga ta tambaye shi inda ya nufa. Ashe ta ƙauyen nasu zai wuce.

Ta ce, "Mai mota, bari ya kai ni. Ku kwa taho daga baya."

Wannan ita ce gaɓar da har yau ba na son tunawa. Na ce, "Haba Inna! Shekara da shekaru ba ki shiga garinku ba, sai yau a gan ki a bayan babur, alhali ɗanki yana da mota? Me mutane za su ce? Yanzun nan za a gyara."

Matata ta matso ta yi ƙasa da murya. "Alhaji, ka bar ta ta tafi. Ba biki za mu ba."

Na daka mata tsawa. Na roƙi mai babur ya koma Gwaram ya ɗauko mini mai faci. Mahaifiyata ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta mayar da kanta ciki ta ɗauko carbi.

Mai faci ya zo da sifanoninsa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk suka ƙi shiga. Ya ce irin wannan sai siririya, sai ya koma ya nemo aro. Suka sake juyawa. Wurin babu sabis, balle in kira in ji halin da ake ciki. Rana ta take, muka yi azahar a bakin hanya da ruwan da ya taru a wani kududdufi. Da na sallame sai na ga ƙofar mota a buɗe. Mahaifiyata ta ɗauki sandarta da ƙullin geronta, ta kama hanya da ƙafa, tsohuwar da ko masallacin unguwa ba ta iya zuwa sai an riƙe ta. Ban iya ce mata ta dawo ba. Na bi ta ina tafiya a bayanta kamar yaro, har Allah ya dawo da mai babur. Na ɗora ta da hannuna, ƙanwata ta hau baya ta rungume ta. Abin da na ƙi da safe, shi na yi da rana tsaka.

Sai bayan la'asar muka samu noti suka kwance. Muna shiga ƙauyen, na hango maza suna dawowa daga bayan gari, ƙafafunsu duk laka, wasu riƙe da fartanya, biyu ɗauke da makara babu kowa a ciki. Na faka motata a gefe, ƙafa uku farare, ɗaya baƙa. Ba wanda ya kalle ta.

Ƙanwata ce ta gaya mini. Ta ce suna sauka daga babur suka ji an ɗauki salati a cikin gida. Da Inna ta shiga ta taɓa shi, jikinsa da ɗumi. Matar kawu ta ce tun da aka gaya masa tana tafe a motar ɗanta, ya sa aka juya shi yana fuskantar ƙofa. In ya ji ƙarar inji, ko na niƙa aka tayar, sai ya buɗe ido ya ce, "Ita ce?" Da ya ga ƙarfinsa yana ƙarewa, ya ce a gaya mata ya yafe, ita ma ta yafe masa shanun Innarsu.

Da na shiga yi wa Inna gaisuwa, na kasa ɗaga kai. Ta ce, "An ba ni saƙonsa, na karɓa. Nawa ne ban san wanda zan ba ba."

Ba ta ƙara ko kalma a kan wannan ba, ranar ko bayanta. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Abu ɗaya ne ya canja. Ba ta sake ce mini "mai mota" ba. Ta koma ce mini Alhaji, kamar kowa.

Da muka dawo na je gidan abokina da kaina. Ya yi mini ta'aziyya, ya ɗauko hularsa ya biyo ni. Muka fito da tsofaffin wilin daga ɗakin ajiya, muka kakkaɓe yanar gizo, aka mayar da su da notinsu. Ina jira ya ce ai ya gaya mini, bai ce ba. Ya dai buɗe ƙofar direba ya nuna mini inda masu motar suka rubuta girman tayar da ta dace da ita. Kullum ina shiga ta ƙofar nan, ban taɓa sunkuyawa ba.

Na san ajali ba ya jiran kowa, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Amma ƙaddara ba ta wanke mutum daga sakacinsa. Shi ya sa yanzu in na ga yaro ya ɗauro sabon wili, nakan tsayar da shi ko bai tambaye ni ba. Nakan ce yawan rami ba shi ne dacewa ba. Ya duba lambar tayarsa ta asali, ya cika bayan motar da mutane ya bi hanyar ƙauyensu ya saurara, sannan ya ɗauko sifanarsa ya kwance noti ɗaya da hannunsa a ƙofar shagon, kafin ya tafi. Wasu su ji, wasu su yi mini irin dariyar da na yi wa abokina. Ba na jin haushi, na san daɗinta.

Na daɗe ina so in nemi gafarar mahaifiyata, kunya tana hana ni. Kullum sai in ce gobe. Da ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, wata safiya ina shirin fita kasuwa, har na tayar da mota, sai na kashe ta na koma ciki. Na durƙusa a bakin gadonta na ce, "Inna, ranar nan ta hanyar Farin Dutse, ki yafe mini."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Na yafe maka tun a bakin hanyar. Amma gara da ka zo ka ji da kunnenka, mai mota."