Bakin da Bai Ce "Mun Yafe" Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana, Alhaji Isyaku, a nan Maryland, nesa da garin da aka binne cibiyarsa. Kewa kam ta yi sauƙi. Abin da ya ƙi barina shi ne shirun mutum ɗaya ranar jana'izarsa.

Yaya ya riƙe kujerar Sakataren Gwamnatin Jiha a gida kafin ciwon ƙoda ya kawo shi wurina a Bowie. Wanda bai san kujerar ba zai ɗauka sarauta ce. Shi ke rubuta abin da majalisar zartarwa ta yanke, shi ke isar da shi ga ma'aikatu, kuma duk sanarwar naɗi ko kora da sunansa ake rufe ta a rediyo. Gwamna ya yanke hukunci a ɗaki, Yaya ya sa hannu a bainar jama'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da ya ji cewa sakataren jihar Maryland ya fi shagala da buga hatimi a takardu, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce da ma shi ma hatimi kawai ya buga.

A masallacinmu akwai Malam Tanimu, mai tuƙa motar haya daga Gaithersburg. Da can darakta ne a jiharmu, har ranar da aka karanta sunansa cikin waɗanda aka kora bisa zargin almundahana, da sa hannun Yaya. Daga baya kwamiti ya wanke shi, amma wannan ba a karanta a rediyo ba. Yaya ya gane shi tun Juma'ar farko, ya sauya sahu. Na ce masa ai umarni ya bi, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ce, "Haka ne, Sani, amma askar a hannuna take." Ya sha cewa zai je har gida ya nemi afuwa, in ya ji sauƙi, in azumi ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam Tanimu ya zo jana'iza, har da shi a ɗaukar makara. Da liman ya roƙi duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka amsa, "Mun yafe." Ni bakinsa nake kallo, kuma bai motsa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zamanin nan, da na ga maƙwabtana masu aiki a ofisoshin Washington sun wayi gari da saƙon sallama a waya, babu fuskar da za a riƙe. Wataƙila ya ce an huta. Na fi zaton zai ce gara a san wanda za a tsaya da shi gaban Allah.

A bana, wurin wani suna, na yi ta maza na tare Malam Tanimu a inda ake ajiye motoci. Na tambaye shi abin da ya hana shi amsa liman ranar jana'izar. Ya juya makullinsa, ya ce:

"Alhaji, nawa haƙƙin na yafe tun kafin a rufe kabarin. Amma tsohona a rediyo ya ji, yana zaune cikin abokansa a ƙofar gida. Bai ƙara fita majalisa ba, kuma ya rasu kafin a wanke ni. Nasa ba ni da ikon yafewa. Suna can tare."

Har gobe ana kirana daga gida ana yi wa Yaya addu'a, yaran da ya sa wa hannu suka samu tallafin karatu, wasunsu yanzu likitoci ne. Hannun ɗaya ne, ban san wanne zai rinjaya a ma'auni ba, kuma wannan yana ba ni tsoro. Allah Ya jiƙan Yaya. Yanzu in na ɗaga hannu dominsa, sai na fara da wani tsoho da ban taɓa gani ba, ina roƙon Allah Ya sanyaya masa zuciya.